Hannun da Ya Biya Gidan

Yayana mai gyaran famfo ne. A unguwarsu Mai Famfo kowa ke ce masa, har 'ya'yansa mata biyu idan suna son tsokanarsa. Ni ce autar ɗakinmu, shekara goma sha huɗu ke tsakaninmu, kuma shi ya ɗauki nauyin karatuna har na zama malamar firamare. Don haka idan na faɗi laifinsa a nan, kada wani ya ce ban san alheri ba. Na sani sarai. Taurin kansa ne ya ishe ni.

A haya muka tashi. Gida tara na ƙirga kafin in gama sakandare, kuma a na taran Baba ya rasu. Kwana biyar da rasuwar mai gidan ya zo, ya yi ta'aziyya a tsaye, ya tambayi ranar da za mu ba shi mabuɗi. Yaya ne ya ɗaure katifun ya ɗora a kura. Tun daga ranar ban ƙara jin ya ambaci kalmar haya ba tare da ya ɓata fuska ba.

Yana da shekara arba'in da ɗaya banki ya ba shi lamunin sayen gida, za a biya cikin shekara ashirin, takardar gidan tana hannunsu har sai ya gama. Gidan ba wani abin kallo ba ne: ɗaki uku, falo, kicin, da ɗan tsakar gida wanda idan aka shanya zanin gado biyu ya cika. Amma kowane bututu a cikinsa shi ya ja da hannunsa. Shekara goma sha ɗaya yana biya, ko wata ɗaya bai taɓa tsallakewa ba. Ranar biya yakan sa riga mai guga kamar mai zuwa neman aure, ya hau babur ya tafi.

A kicin ɗina na fara ganin abin. Ya zo gyara mini wurin wanke-wanke, yana kwance a ƙasa rabin jikinsa cikin kabad, sai sifana ta faɗi. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Na leƙa na ga hannunsa na dama yana rawa, yana danne shi da na hagu.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Gajiya ce. Miƙo mini tocila."

"Tun yaushe?"

"Auta, ni famfo na zo gyarawa ko tambayoyin jarrabawa na zo amsawa?"

Sai da muka haɗa kai da matarsa, wadda nake kira matarmu, muka ja shi asibiti kamar an ja rago. Likita ya ɗauki hoto, ya nuna mana wani wuri a ƙashin wuyansa inda jijiya ta matsu. Ya ce a yi tiyata cikin shekara guda, a huta wata shida, akwai kyakkyawan fata. Idan aka bari, yatsun za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ni tunanin inda za mu samo kuɗin tiyata nake yi. Shi kuwa muna fitowa ya zauna a kan benci, ya juya takardar likitan, ya hau lissafi a bayanta.

"Saura shekara tara," ya ce. "Hannun nan ba zai kai tara ba. In aka yanka ni, wata shida ba aiki, wa zai biya banki? Wata uku kawai suke jira su aiko da wasiƙa. Kuma kin ji likitan, fata ya ce, bai ce tabbas ba."

"To sai me?"

"Zan gama a shekara uku. In na karɓi takardata, su yanka duk inda suke so."

Matarmu ta ce, "Baban yara, shekara guda fa ya ce."

"Likitoci kullum ragi suke yi don su tsorata mutum."

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi fushi na mako biyu ban taka gidan ba. Ko a jikinsa. Da na koma, na tarar an kwashe kujerun falo, wani ma'aikacin jinya ya tare a ciki. Bayan wata biyu ɗakin 'yan matan ya tafi, sannan ɗakin tsakiya. Mutumin da ya tsani haya ya wayi gari da 'yan haya uku. Su huɗu suka dunƙule a ɗaki guda, aka raba shi da labule. Matarmu ta mayar da kicin falonta, nan take karɓar baƙi, a kan buhun shinkafa da kujerar roba. Babbar 'yar ta samu gurbin karatu, aka ce ta dakata tukuna, ta kama aiki a shagon sayar da waya.

Shi kuwa ya shiga aiki ba ji ba gani. Aikin da a da yake raina wa yara, masai da ya toshe, kwata da ta cika, duk ya koma karɓa. Ya koyi ɗaure noti da hagu. Idan mai gida na tsaye a kansa sai ya aike shi ɗebo ruwa, don kada ya ga hannun. Nama ya ɓace daga tukunyarsu, shayi ya koma ba madara. Na taɓa kai musu kaza, sai ya tambaye ni nawa na saya, ya girgiza kai ya ce da kuɗin na kawo. Na ce masa wata rana zai auna numfashinsa ya kai banki. Ya ce in suna karɓa in sanar da shi.

Ni da matarmu muka buɗe namu asusun a ɓoye, na tiyata. Ni ina cire kashi ɗaya cikin biyar na albashina, ita tana ɗinkin gyare-gyare a kicin da tsohon kekenta. Ba mu gaya masa ba, don mun san halin kayanmu.

Kowane wata yana kai biyan da aka yanka masa, ya ɗora kusan ninki biyu a kai. Rasit ɗin yana jera su a cikin gwangwanin biskit. Da aka cika shekara biyu ya ce in raka shi mu ji abin da ya rage, don ni ce mai karatu. A lissafinsa saura wata goma.

Wata yarinya ce a kantar bankin, mai gilashi, mai ladabi. Ta buga lambar, ta juyo mana da fuskar kwamfuta. Yaya ya duba, ya ce ba nasa ba ne. Ta ce nasa ne.

"Baba, kun taɓa cike fom ɗin rage uwa?"

"Wace uwa?"

"Uwar kuɗin. Bashin kashi biyu ne, akwai uwa, akwai ruwa. Idan kuka kawo ƙari kuna so a rage uwa, sai kun cike fom. In ba haka ba, ajiye muku ake yi a matsayin biyan watannin gaba. Kuɗinku na nan, ba su ɓata ba. Amma ruwan yana ta hawa a kan uwar kamar ba ku kawo komai ba."

"Shekara biyu?"

"Shekara biyu, Baba. Yana rubuce a shafi na goma sha ɗaya na yarjejeniyar."

Na buɗe baki zan sauke mata kwandon masifa, sai na ga idonta ya cika da ƙwalla, na haɗiye. Ba ita ta rubuta shafin ba. Yaya ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Shekara talatin ina toshe wa mutane yoyo," ya ce, "ashe nawa gidan ne ke shan ruwa."

Aka cike fom ɗin nan take, ni na rubuta. Wata goma ya koma wata goma sha tara. A hanyar dawowa ya tsayar da babur a gefen titi, ya sauka, ya tsuguna ya dafe kai. Motoci na wucewa, ni ina tsaye da gwangwanin biskit a hannu. Tsoro ne ya kama ni, na gaske, don ban taɓa ganin Yaya a tsugune ba sai a gaban famfo.

A lokacin ƙaramin yatsansa da na kusa da shi sun riga sun lanƙwashe, ba sa miƙewa. Maɓallin riga matarmu ke sa masa. Wata biyar bayan haka ya ɗaura bututu a bene na biyu a gidan wani lauya, notin bai ɗauru ba, ruwa ya kwana yana zuba har silin ɗin ƙasa ya rufto. Lauyan bai kai ƙara ba, amma ya ba da labari, kuma labarin ya fi ƙara ciwo. Wayar Yaya ta yi shiru. Yakan ajiye ta a kan gwiwa ya zauna a ƙofar gida tun safe, yana duba ko caji ne ya ƙare.

Ƙaramar 'yar ce ta yi suɓul da baka a kan asusunmu. Ya kira mu kicin, ni da matarmu. Na shirya wa faɗa, sai ya zo da abin da ya fi faɗa.

"Ban taɓa roƙonku komai ba," ya ce. "Aiki ya tsaya. Kuɗin haya ba za su riƙe biyan wata ba har shekara. In na sayar da babur da akwatin kayan aiki, aka haɗa da abin da ke hannunku, an gama. Yau ɗin nan an gama."

"Kuɗin tiyatar hannunka ne, Yaya!"

"Hannun da ba shi da inda zai kwana?"

"Mu koma haya mana! Mutuwa ake yi?"

Ya dube ni. "Ke kina ƙarama. Ba ke kika ɗaure katifun ba."

Matarmu ta tashi ta buɗe tukunyar da ba a girki da ita, ta ɗauko ɗan littafin asusun ta ajiye masa a cinya. Na ji haushinta ranar har na fita ba sallama.

Ranar Talata muka je banki, a motar haya, don babur ya riga ya tafi. Yarinya mai gilashi ta ƙirga, ta buga hatimi, ta ce, "Baba, barka, ba a bin ku ko sisi." Ta shiga ciki ta fito da takardar gidan a cikin ambulan mai ruwan ƙasa, ta ce saura abu ɗaya, ya sa hannu a littafi cewa ya karɓa.

Ya ɗauki biro tsakanin babban yatsa da manuni. Abin da ya fito a takardar kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Ta kwatanta da na cikin fayil, wanda ya sa shekara goma sha huɗu da suka wuce, mai lanƙwasa da dogon layi a ƙasa. Ta ce ya sake. Ya sake. Ya sake na uku, biron ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kanta.

"Baba, ku yi haƙuri, ba za su karɓa ba. Bai yi kama ba."

"Ni ne fa," ya ce. "'Yata, ni ne. Kowane wata nan nake zuwa."

"Na sani, Baba."

Ta je ta yi magana da manaja, ta dawo da ɗan akwatin tawada. Ya dangwala babban yatsa, hannun ya yi rawa, tawadar ta dame. Ta buɗe sabon layi. Na kama wuyan hannunsa da hannuna biyu, na danna masa yatsan a kan takardar, na riƙe har ya fito. Hannun sanyi ƙalau, kuma ba nauyi. Ban san ya rame haka ba.

A mota ya rungume ambulan ɗin a ƙirji da hagu. Ya ce, "Auta, yanzu wa ke bi na?" Na ce babu. Ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa. Ya ce gobe zai ba 'yan haya wa'adi, a dawo da kujeru falo.

Ranar Alhamis muka koma wurin likita. Ya daɗe yana lanƙwasa yatsun yana soka musu allura. Ya ce biyu sun tafi, ba mai dawo da su. Ukun da suka rage, idan aka yi aikin cikin wata biyu, ana iya ceto su. Zai iya cin abinci da kansa, ya sa maɓalli, wataƙila ma ya riƙe sifana. Ya faɗi kuɗin, sun kusa ninka na da. Yaya ya yi godiya, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya miƙe. A asusunmu ko na cefanen mako babu.

Washegari ina shirin fita makaranta aka buga ƙofa. Matarmu ce, da mayafinta na fita unguwa, ta matse jaka a hammata. Ba ta zauna ba. Ta zuge jakar ta nuna mini ambulan mai ruwan ƙasa.

"Na ce wa 'yan hayan su yi zamansu," ta ce. "Na yi waya da yarinyar nan mai gilashi. Ta ce da takardar da kuɗin haya za su ba da bashin da ya isa tiyata. Shekara biyar."

"Ya sani?"

"Yana can yana auna inda za a ajiye kujeru."

"Matarmu, kashe mu zai yi. Kuma sunansa ne a kai, sai ya sa hannu."

"Ba sa hannu yanzu, ai yatsa ne." Ta zuge jakar ta mayar da ita hammata. "Shekara uku na zauna a kicin ban ce masa komai ba. Ya samu abin da yake so, ya kwana uku ba a bin sa. Yanzu nawa ya zo. Zan yi masa magana da bakina, in ya ƙi zan durƙusa, in ya ƙi zan kira 'ya'yansa su durƙusa. Ke dai ki zo ki nuna mini yadda kika riƙe hannun."

Na ajiye littattafan yara a kan tebur, na ɗauki mabuɗi na kulle ƙofa.