Karan da na auna gadon mota da shi

A shekara ta biyu da fara wannan fitina na shiga neman mota mai gado a ciki. Ni malamin lakkol ne, wato makarantar boko, a Difa, ban taɓa mallakar abin hawan da ya wuce babur ba, shi ma tun da aka hana hawan babur yake jingine a zaure, kaji suna yi masa kashi. Duk wanda ya ji ina yawon garaji sai ya yi dariya, kuma ban ga laifinsu ba.

Dalilin kuwa mahaifiyata ce. Ya muke ce mata, yadda ake kiran uwa a wajenmu. Tana ƙauyenmu a bakin Komadugu, gaba kaɗan da Geskeru, ita da yayata da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Shekara uku kafin nan Ya ta zame a wajen shanyar tattasai, ƙugunta ya karye, aka yi ɗori bai kama daidai ba. Tun daga ranar ƙafarta ta dama ba ta lanƙwasuwa, zama kuma bai wuce na cin tuwo ba. A kwance take salla, a kwance take yi wa kowa faɗa. Kogin da ke bayan gidanmu shi mutanen daji masu bindiga ke tsallakowa da zarar ruwa ya ja baya, kuma kowa ya san in suka shigo gari mai ƙafa ne ke tsira.

Ƙanen Ya da ke Damagaram ya ce in kawo ta, ɗaki na nan. Wata da watanni ina roƙo kafin ta yarda, shi ma da sharaɗi: sai an kwashe tattasai, kuma a kwance za a kai ta, kada a cusa ta cikin mutane kamar buhu. Tafiyar yini guda ce a kan hanya mai ramuka. Motar haya ba ta da wurin kwanciya, bayan a-kori-kura rana da girgiza za su gama da ita kafin a kai garin Maine. Na rasa yadda zan yi, sai wani abokin aikina ya ce in je bayan kasuwar tattasai, akwai wata tsohuwar motar Turawa a wani garaji.

Na same ta a ƙarƙashin bishiyar maina, tayoyinta biyu sun kwanta. Da fara ce, amma ta koma launin koko. Mai garajin dattijo ne ɗan Damagaram, mai surutu. Ya ce wani Bature da matarsa suka ƙetaro hamada da ita, a zamanin da mutum ke zuwa ƙasar nan don jin daɗinsa kawai. Ta mace musu a nan, suka bar masa ita suka hau jirgi.

"Mushe, wannan ai ba mota ba ce, gida ne," in ji shi, don Mushe ake kiran malamin lakkol a wajenmu. "Moter ɗinta, injin nan, lafiya lau. Ka sa batiri, ka zuba gazuwal, ta kai ka Yamai ba ta yi tari ba."

Ya buɗe ƙofar gefe, wata kuliya ta yi tsalle ta fita. A ciki akwai murhun gas ƙarami, da wurin wanke kwanoni, da tebur da ake naɗewa a bango, da labule masu furanni da rana ta cinye. Can baya kuma ga gado da katifarsa. Ba zan ɓoye ba, na tsaya a wurin na manta da abin da ya kawo ni. Na ga matata tana dafa shayi a kan murhun, yara sun leƙa ta taga, muna tafiya ba don an kore mu ba. Rabon da in yi tunanin wata tafiya wadda ba gudu ba ce har na manta. Mai garajin ne ya dawo da ni, ya ce labulen nan dole a cire su, don mota rufaffiya mai labule ba ta wuce bariye, shingen binciken hanya, ba tare da soja sun ɗana bindiga ba.

Gadon ne ya dame ni. A gicciye yake, daga wannan bango zuwa wancan. Na hau na kwanta, sai da na naɗe gwiwa. Ya doguwa ce, ƙafarta kuma ba ta naɗuwa, in gadon bai ishe ta ba motar ba ta da amfani a gare ni. Na tambayi mai garajin abin awo, ya ce an ara ba a maido ba. Sai na zari karan dawa daga dangar garajin, na shimfiɗa a kan katifar, na karya shi daidai tsawon gadon. Ni da nake koya wa yara mita da santimita kullum, ga rula a aji ta kusa tsawon hannuna, amma kara na ɗauka. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ran kasuwar Geskeru na shiga motar haya da karana a hannu, na riƙe shi a tsaye don kada ya karye. Na isa gida bayan azahar. Yayata ta tafi ɗebo ruwa, Ya tana barci a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa. Ban so in tashe ta ba. Na durƙusa a hankali na shimfiɗa karan a gefenta, daga kanta zuwa dugaduganta. Ya ishe ta, har da saura yatsa huɗu. Daɗi ya kama ni, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Sai na ji faɗuwar tulu a bayana. Yayata ce, ta dafe kai tana salati.

A wajenmu ba a auna mai rai da kara. Sai mutum ya cika ake shiga da kara ɗakin, a auna shi, a fito a miƙa wa masu haƙar kabari. Ni da hannuna na fito da na mahaifinmu. Na san wannan kamar yadda na san sunana, amma kwana huɗu ina yawo da karan nan, gadon mota kawai nake gani a jikinsa.

Ya ta buɗe ido. Ta dubi karan, ta dube ni, ba ta firgita ba. Da Barbarci ta yi magana, don ba ta jin Hausa sai ta ciniki.

"Ya isa?"

"Ya isa, Ya. Ai gadon mota ne. Na samo mota mai gado, har da murhu a ciki."

"Madalla. Ka ce musu su yi shi kusa da na ubanka."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na kwatanta mata katifar, da tagogin, da yadda za a sa mata matashi a ƙarƙashin ƙugu. Ta bar ni na gama, sannan ta ce abin da ake auna mutum da kara don a kwantar da shi a ciki a fitar da shi daga gidansa, ta san sunansa tun tana yarinya, kuma ba za ta shige shi da ranta ba. Na ɗauki karan zan karya, ta ce in bar shi, ta sa yayata ta soke shi a cikin rufin rumfar.

"Kada a wahalar da wani ya sake awo," in ji ta.

Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce taurin kanta zai sa a kashe ta a kashe ƴarta. Ta juya fuskarta wajen danga, ta ce in gaida yara.

Duk da haka na sayi motar. Na ɗauka in ta gan ta da idonta za ta huce. Mai garajin ya yi sati biyu a ƙarƙashinta, muka canza tayoyi, muka cire labule, matata ta wanke katifar ta ɗinka mata sabuwar riga. Da aka kwashe tattasai shi ya tuƙa mu zuwa ƙauyen, don ni ba ni da permi na tuƙi. A kowace bariye sai an sauke mu an buɗe kowane kabad. Matan gari suka yi layi suna shiga kallon murhu, suna dariya suna cewa Bature ma ya san daɗin kwanciya. Limamin gari ya zo ya yi mata nasiha, ya ce kara ba ya kawo ajali. Ta ce ta sani, ita ma ba ta ce yana kawowa ba, amma ba za ta shiga ba. Ko ɗaga kai ba ta yi ta dubi motar ba. Muka juyo kafin la'asar da gadon a gyare yadda muka tafi da shi.

Bayan nan ban ƙara yin wata dabara ba, don ba ni da ita. Ina zuwa lakkol, ina dawowa, in tarar da motar a ƙofar gida, yarana suna wasan tafiya Damagaram a cikinta. Kullum ina tambayar masu zuwa daga bakin kogi ina ruwa ya tsaya, kullum suna ce mini ya ƙara ja.

Da ruwan ya ƙafe har ana tsallakawa da ƙafa, aka faɗa wa ƙauyen da ke gabas da namu. Mutanenmu ba su jira nasu ba, da safe gari ya watse gaba ɗaya zuwa bakin kwalta, inda ƴan gudun hijira suka kakkafa bukkoki. A amalanken shanu aka ɗauko Ya, a kan buhunan tattasai, cikin rana, ta hanyar gonaki. Girgizar da na yi wata da watanni ina neman raba ta da ita, ta sha ta yini guda cur. Wayar salula ba ta shiga a wannan yankin lokacin, sai a rana ta uku labari ya iso mini. Na ruga wajen mai garajin, muka tada motar. Da muka isa, mata sun riga sun zagaye wata bukka da zannuwa. Ta cika da hantsi.

Maza suka fara neman kara. A wurin nan duk karan da ke akwai an ɗaure shi a jikin bukkar wani. Yayata ta leƙo daga bayan zanen ta miƙo mini shi. Ta ce da za su fito, Ya ba ta yi maganar tukunya ko akwati ba, cewa ta yi a zaro karan daga rumfa. Na karɓa, na miƙa wa masu haƙa, ban iya duban fuskar kowa ba.

Ba a kusa da na mahaifinmu aka yi ba, ba mai iya komawa can. Filin da aka ba mutane su binne nasu yana da nisa da bukkokin, kuma babu makara, an baro ta a masallacin ƙauye. Bayan an yi mata salla dattawa suka tsaya suna shawara, sai na ga idonsu ya koma kan motar. Mai garajin ya je ya buɗe ƙofar gefe.

Mu huɗu muka shigar da ita. Na zauna a ƙasa kusa da murhun, na riƙe ta don kada ramuka su girgiza ta, ina ce wa mai garajin ya tafi a hankali. Gadon ya ishe ta, har da saura yatsa huɗu a wajen ƙafa.