Gonar da Burtali Ya Raba

Malam Datti malamin lissafi ne a wata sakandare da ke Kabong, kuma a nan furfura ta same shi. Ba ya duka, ba ya dariya. Abin da ɗalibai suka fi tunawa da shi shi ne darasin alwatika, zanen nan mai kusurwa uku. Yakan sa a ture tebura, ya zana layi a kwance da layi a tsaye a kan simintin aji, ya cika su da gida-gida da alli. Sai ya ajiye alwatika biyu na kwali, ya rubuta lambobin kowace kusurwa. Ɗaya za a tura, ko a juya, ko a kife, har ta hau kan 'yar'uwarta. In ta rufe ta ruf, babu bakin da ya leƙo, to daidai suke.

"Canza wuri ba ya canza alwatika," haka yakan ce.

Mahaifinsa tsohon leburan haƙar kuza ne, ya rasu ya bar gona a Naraguta. 'Ya'ya mata sun karɓi rabonsu a gidan cikin gari, gonar ta rage wa Datti da ƙaninsa Musaddiq, mai facin taya a Farin Gada. Gona ce mai kusurwa huɗu, burtalin shanu ya ratsa ta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɓangaren sama tsakuwa ne, amma yana bakin titi. Na ƙasa ya gangara har tafkin da masu haƙar kuza suka bari, wanda ba ya ƙafewa ko da rani.

Tafkin Datti yake so. Ritaya ta matso, kuma ya daɗe yana shuka kabeji da karas a wurin, a cikin ransa. Da ya buɗe baki ya roƙa, da an ba shi. Amma shi mutum ne da ba ya son a ce an yi masa alfarma, balle daga yaron da ya goya. Yana kuma tsoron bakin dangi: ɗan boko ya yi wa ƙaninsa wayo. So yake ruwan ya zo hannunsa ba tare da ya ce wa kowa na gode ba.

Al'adar gidansu kuwa, babba ya raba, ƙarami ya zaɓa. Datti ya yi lissafinsa: mai faci me zai yi da tafki? Titi zai ɗauka. Abin da ya rage kawai, a shaida cewa rabon adalci ne.

Ranar rabon, bayan la'asar, Baffa Babayo, ƙanin mahaifinsu, ya zauna a gindin mangwaro. Datti ya shimfiɗa takarda mai gida-gida, wadda ya zana gonar a kai bayan ya auna ta da igiya. Ya ɗora fallen leda mai haske, ya kwafi ɓangaren sama, ya soka allura a tsakiyar burtalin, ya juya ledar rabin zagaye. Ɓangaren sama ya faɗa kan na ƙasa, kusurwa kan kusurwa.

"Baffa, ka gani? Ko taku ɗaya babu wanda ya fi wani."

"Na gani," in ji tsohon. "Ubanku da sanda ya auna, kai da allura. Allah ya sa ba ɗinke gonar za ka yi ba. Wato duk wanda aka ba ka, ka yarda?"

"Ai ɗaya ne, Baffa."

"Ka faɗa sau biyu, na ji. Musaddiq, zaɓi."

Musaddiq ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Shi a duniyarsa, inda mota ke wucewa nan ne arziki. Ya ga yadda ake gina ɗakunan haya na 'yan jami'a a bakin wannan titin, ya kuma daɗe yana hango rumfarsa a wurin, da injin iska. Sai dai yaya za a yi ƙarami ya miƙa hannu ya ɗauki tsokar, ya bar wa wanda ya rene shi ƙashi, a gaban Baffa?

"Ni dai na ƙasan ya ishe ni," ya ce. "Yaya ya riƙe bakin titi."

"Ka yi tunani dai," in ji Datti da sauri. "Kai da ko gyaɗa ba ka taɓa shukawa ba."

"Haba Yaya, ba ka ce ɗaya ne ba?"

"Ɗan albarka," in ji Baffa Babayo, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Datti ya zare allurar ya soke ta a gefen hularsa. Kalma ɗaya za ta gyara komai, amma kalmar za ta nuna cewa tun farko ya san ba ɗaya ba ne.

Yanzu wani manomi, Gyang, shi ke noman tumatir a bakin tafkin, da izinin Musaddiq, wanda har yau yana faci a rumfar aro a Farin Gada. Datti ya yi ritaya, ya kewaye tsakuwarsa da kara, yana shuka masara da damina, takan kai masa ƙugu. Masu son gini sun zo sau da yawa, ya ƙi sayarwa. Duk sallah Musaddiq yakan kawo wa yayansa kwandon tumatir daga gonar, ya durƙusa ya gaishe shi. Datti ya karɓa, ya ce na gode.

A shekararsa ta ƙarshe a aji, wata ɗaliba, Fatimatuzzahra, ta tambaye shi ko alwatika biyun nan da suka rufe juna a komai suke daidai.

"A tsawon gefe da buɗin kusurwa," ya ce. Ya ɗan tsaya yana kallon kwalin. "Sauran ba ya cikin jarrabawa. Ku mayar da teburan."