Likitan Kwana Ashirin

Duk wanda ya daɗe a Jushi ya san asibitin Dakta Felix, in dai za a kira ɗaki uku da baranda asibiti. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana duba mutanen Sabon Gari da Samaru. Akwai gidajen da ya yi wa uwa awon ciki, yau kuma yana yi wa 'yar da aka haifa. Gajere ne, mai sanƙo, ga faɗa. In ka bar magani a rabi zai wanke ka tas a gaban matarka, sannan ya tambayi lafiyar yaranka ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa.

Shi ba likitan ciwon daji ba ne, kuma ba ya ɓoyewa. Da ya gano kullutu a nonon Malama Keziya, tsohuwar malamar firamare a Samaru, bai tsaya wata-wata ba ya tura ta babban asibiti. Can aka tabbatar daji ne, aka yi mata aiki, aka rubuta mata kemo sau shida, wato ruwan maganin da ake ƙarawa ta jijiya duk bayan sati uku.

"Su kwana ɗaya gare su, Malama," in ji shi. "Sauran kwana ashirin ɗin nawa ne."

Haka kuwa aka yi. Shi ke karanta takardar manyan likitoci ya warware mata da Hausa. Shi ke fama da amai da gyambon baki, shi ke ɗibar jini a duba. Ya ba ta ma'aunin zafi, ya ce da zarar ya kai talatin da takwas ta kira shi kafin ta sha komai.

Abin da Dakta bai yi tunani ba shi ne dubiya. Keziya ce Uwar Zumuntar Mata a cocinsu, kuma babu gidan mara lafiya da ba ta jagoranci mata zuwa ba. Yanzu da abin ya zo kanta, ai sai suka ce bari su nuna mata. Mako guda bayan kemon farko mata talatin suka cika falonta, da ankon zane da kuloli, aka yi waƙa, aka riƙe hannu aka yi addu'a. Biyu daga ciki suna tari.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta. Ta ce cizon sauro ne, ta aika kyamis aka sayo mata magani, kamar yadda kowa ke yi. Da safe Dakta ya kira ta a waya ya ji haƙoranta na karo da juna. Ya bar mutane a baranda, ya ɗauke ta a tsohuwar motarsa zuwa babban asibiti. Kwana shida ta yi a kwance. Likitocin can suka ce masa wannan karon ta sha da ƙyar, in ya sake faruwa ko dai a dakatar da maganin ko a rasa ta.

Abin ya tsorata shi, ya kuma ji haushin kansa. Da aka sallame ta ya yi mata bayani: a sati na biyu bayan kowane kemo, sojojin jininta masu yaƙar cuta sun kwanta, tarin da wata za ta yi ta manta da shi zai iya kai ta ƙasa. Don haka ba dubiya.

Keziya ta ce atafau. "Likita, ni da na shiga ɗakin kowa, in rufe musu ƙofa? Da wane ido zan kalle su?"

"To ki ba ni izini in faɗa musu da bakina."

Ran Alhamis sai ga shi a taron Zumunta, namiji tilo a tsakiyar mata, yana ta share gumi a sanƙonsa. Ya yi bayani dalla-dalla. Madam Ebele, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, ta miƙe a fusace.

"Likita, wato mu ne muka sa mata ciwo? Ka hana mu duba uwarmu?"

"Ban hana ba, Madam. Ku zo, ku yi waƙarku. Amma daga tsakar gida. Abinci kuma a kawo da zafinsa, a ajiye a bakin ƙofa."

An yi ta ƙunƙuni. Wasu sun yi wata guda ba sa gaishe shi, shi kuwa ko a jikinsa.

Sai dai sun zo. Duk Alhamis suna tsayawa a gindin mangwaron gidan, Keziya na zaune a bayan ragar taga da ɗankwali a kanta da gashi ya zube, tana gyara musu baiti in sun kuskure. Abin na mata ciwo, ta kuma faɗa wa Dakta. Shi dai nasa ɗibar jini ne kwana biyu kafin kowane zagaye, ya zauna jiran sakamako. Sau biyar ya kira ta ya ce, "Jini ya kai, Malama. Jibi ki shirya." Ko sau ɗaya ba a ɗaga mata kemo ba.

Sati uku bayan na shida, ya zo gidan da takardar gwaji a hannu ya tarar ana waƙa a tsakar gida. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ku shiga," ya ce.

Da bai matsa gefe da sauri ba da sun bi ta kansa. Madam Ebele ce ta fara isa, ta rungume ta. Keziya, wadda ko ranar da aka cire mata nono ba ta yi hawaye ba, ta kifa kai a kafaɗarta ta fashe da kuka. Wata huɗu ke nan rabon da ɗayansu ta taɓa ta.