Tarihin Alhaji Abdul-Samed Braimah, Wanda Ya Haɗa Giya Bai Taɓa Kurɓa Ba

Haihuwa da Tarbiyya

An haifi marigayi Alhaji Abdul-Samed Braimah a shekarar 1958 Miladiyya, a unguwar Aboabo da ke birnin Kumasi ta ƙasar Gana. Mahaifinsa Malam Braimah mai sana'ar goro ne, mahaifiyarsa kuwa Ama, 'yar ƙabilar Asante ce da ta musulunta kafin aurensu. Malam Braimah mutum ne mai zafi a kan addini, kuma doka ɗaya ya fi tsanantawa a gidansa: babu wanda zai kai hannu ga wani abu, ko tsintsiya ce ko ƙofar ɗaki, bai ambaci sunan Allah ba. Yaron da ya manta ya sha mari. Da haka Abdul-Samed ya tashi, Bismillah na fita daga bakinsa kafin tunaninsa ya iso.

Karatu da Neman Abinci

Ya yi karatun Alƙur'ani a makarantar unguwa, ya taɓa boko zuwa aji shida, daga nan ya bar ta ya shiga harkar mota, ya zama direban haya tsakanin Kumasi da Tamale. A shekarar 1979 ya tafi Legas neman arziki, ya zauna a Agege, har zuwa 1983 da aka kori baƙi, ya dawo gida a bayan babbar mota da jaka ɗaya. Waɗanda suka san shi sun ce tun daga wannan kora bai ƙara yarda cewa wani abu da ke hannunsa tabbatacce ne ba.

Aure da Zuwa Amurka

Ya auri Nimatu, 'yar maƙwabtansu, a shekarar 1986, Allah ya ba su 'ya'ya uku, babbarsu Tahiratu. A 1998 ya ci cacar biza ya zo New York, ya kama ɗaki a titin Grand Concourse cikin unguwar Bronx, ya yi wankin mota, ya yi gadi, har ya kawo iyalinsa a 2004. Bayan zuwansu da wasu shekaru ƙodar Nimatu ta lalace, aka ɗora ta a kan injin wankin jini. Wannan ne ya sa ya koyi aikin kula da tsofaffi a gidajensu, domin ƙungiyar masu wannan aiki tana ba ma'aikaci da matarsa inshorar asibiti, amma da sharaɗin ya cika awannin aiki kowane wata. Wanda awanninsa suka gaza, inshorarsa ta faɗi. Kowa ya san abin da faɗuwarta ke nufi ga mai ciwon ƙoda a ƙasar nan.

Gidan Mista Dominik

A watan Satumba na 2011 kamfanin da yake wa aiki ya tura shi Port Richmond a tsibirin Staten Island, gidan wani tsoho ɗan asalin Italiya mai suna Mista Dominik Lanzetta. Tafiya ce mai nisa, jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sannan bas, amma awannin cikakku ne, irin aikin da ake rububi a kansa. Mista Dominik ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa giya a mashayar wani otal a Manhattan, ga shi yanzu ciwon rawar jiki ya kama hannuwansa, ko cokali ba ya iya riƙewa. Al'adarsa kuwa, kullum da yamma sai ya sha kofi ɗaya na abin da suke kira koktel, wato giyar da ake cakuɗawa da wasu abubuwa bisa ƙa'ida. Likita bai hana shi kofi ɗaya ba, 'yarsa ma ta amince, kuma an sallami ma'aikaciyar da ta gabata ne saboda ta ƙi haɗawa. Ran farko tsohon ya nuna masa kabad ɗin kwalabe, ya gajarta sunansa ya ce: "Sam, ni ne kai, kai ne hannu."

Alhaji ya tsaya ya duba kwalaben, ya tuna injin da matarsa ke kwance a kai, ya miƙa hannu. Mai wannan rubutu ba zai ce ya yi daidai ba. Abin da ya faru ke nan.

Tsohon ba ya shan abu sai ya ba da tarihinsa, kuma ba ya gajiya da maimaitawa. Ya koya masa wanda ake kira Old Fashan: ƙwayar sukari, ɗigon wani ruwa mai ɗaci da suke kira bitas, wuski, ƙanƙara, da ɓawon lemo da ake murɗawa a bakin kofi. Ya ce shi ne uban sauran, tun farkon shekarun 1800 ake shan sa a jihar New York, sunan ma ya samo asali ne daga tsofaffin da suka gaji da sabbin haɗe-haɗe suka ce a ba su irin na da. Ya koya masa wanda ake kira Manhattan, wanda ake juyawa a hankali da dogon cokali, ba a girgiza shi, duk wanda ya girgiza shi a wurin tsohon jaki ne. Ya gaya masa cewa bitas ɗin nan mai suna Angostura maganin ciwon ciki ne tun asali, wani likitan soja ya haɗa shi a Kudancin Amurka. Ya gaya masa cewa Turawan mulkin mallaka sun riƙa zuba giyar jin a ruwan kwinin ne don su iya haɗiye maganin zazzaɓin sauro. Da Alhaji ya ji wannan sai ya ce shi ma ya sha kwinin a Kumasi yana yaro, kuma da ruwan rijiya ya wuce lafiya lau. Tsohon ya yi dariya har ya ƙware. Haka nan yakan ba shi labarin shekarun 1920 zuwa 1933 da gwamnatin Amurka ta haramta giya, yana cewa har su ma sun taɓa gwada zama Musulmi, suka kasa.

Alhaji bai taɓa ɗanɗanawa ba. Da ido da sanyin kofi yake gane ya yi. Idan ya gama sai ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya canza riga kafin ya hau bas, don kada wani ɗan Zango, Musulmin Gana irinsa, ya zauna kusa da shi ya ji wari. A masallacinsu na Bronx abin da aka sani kawai shi ne yana jinyar wani tsohon Bature.

Abin da ya Faru a 2013

Wata ranar Talata cikin watan Maris na 2013, hankalinsa yana wajen Nimatu da aka kwantar a asibiti, ya ɗauki kwalbar wuski ya karkata ta a kan kofi, sai ya ji bakinsa ya ce Bismillah. Ya ji da kunnensa. Kwalbar ta kusa suɓucewa, domin tun yana yaro ya ji malamai suna cewa wanda ya ambaci sunan Allah a kan haram da wasa ya fita daga addini, kuma wanda ya fita, aurensa ya mutu, ba a yi masa salla idan ya rasu.

Bai iya tambaya a Bronx ba. Ya sauka unguwar Harlem wurin Malam Mukhtari, wani malami ɗan Nijar da bai san shi ba, ya ce wani abokinsa ne abin ya faru da shi. Malamin ya dube shi ya ce suɓutar baki ba kafirci ba ce, hankalin abokin ya kwanta. Alhaji har ya fara miƙewa, sai malamin ya ƙara da cewa: "Amma ɗan'uwa, ka ce wa abokin naka ya bar aikin nan. Abin da harshe ya saba da shi, shi yake fitowa a lokacin fitar rai."

Ya shiga da tsoro ɗaya, ya fito da wanda ya fi shi girma. Tun daga ranar yake cusa goro a baki kafin ya buɗe kabad, don harshen ya sami abin yi. Amma tsohon ba ya ganin kwalaben daga kujerarsa, sai ya sa shi ya riƙa kiran sunan kowane abu da ƙarfi kafin ya zuba, kullum, shekara da shekaru. Wata Lahadi Alhaji ya farka daga barcin rana ya tarar da Nimatu tana kallonsa tana murmushi, ta ce: "Baban Tahira, wace ce wannan Angostura da kake ta kira? Idan 'yar Spanish ce ka kawo ta ta taya ni girki."

Bai yi dariya ba. Ya zauna ya gaya mata komai. Ta ce ya bari, gara ta mutu da a ce ita ce sanadin halakarsa. Ya ce mata ba shawara yake nema ba. Washegari ya kama hanyar Port Richmond. Ya sha neman a canza masa gida, amma duk wanda aka samu awanninsa ba su kai ba.

Ƙarshen Aiki da Aikin Hajji

Mista Dominik ya mutu a watan Nuwamba na 2016. A lokacin babbar 'yar Alhaji, Tahiratu, ta zama nas, kuma takardun Nimatu sun daidaita har ta sami inshorar gwamnati, don haka Alhaji bai ƙara taɓa kwalba ba. Ya sauke farali a 2017. Ya dawo bakinsa ba ya hutawa da kalmar shahada, a jirgin ƙasa, a layin banki, a kan abinci, har mutane suka fara kawo masa jarirai ya tofa musu albarka. Matarsa kaɗai ta san wanke harshe yake yi. Yakan gaya mata cewa har yanzu idan ya ji ƙarar ƙanƙara a kofi, sunayen nan su ke fara zuwa masa, a jere, yadda tsohon ya koya masa.

Jinya da Rasuwa

A watan Oktoba na 2018 ya faɗi a bakin masallaci bayan sallar La'asar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Hankalinsa yana nan, yana jin komai. A gabansa likita ya gaya wa iyalin cewa kada su fid da rai, masu irin wannan ciwo sukan dawo da magana, kuma abin da kan fara fitowa shi ne abin da mutum ya fi yawan maimaitawa, ko yana so ko ba ya so. 'Ya'yan suka yi murna. Nimatu ta dubi fuskar mijinta ta ga ya rintse ido.

Daga wannan rana ya kulle bakinsa. Mai koyar da magana ta yi ta zuwa har ta haƙura, ta rubuta cewa majinyacin yana iyawa amma ya ƙi. 'Ya'yan suka yi lallashi, suka yi faɗa, ba su san dalili ba. Nimatu ta sha raɗa masa cewa ya gwada su biyu kaɗai, duk abin da ya fito ba za ta gaya wa kowa ba, Allah kuma ya san don wa ya yi. Sai ya juya kai bango.

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2019, da hantsi, numfashinsa ya canza. Liman ya zo, 'ya'yan suka kewaye gadon, Nimatu ta kai baki kunnensa tana laƙƙana masa kalmar shahada. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa idonsa a buɗe yake, yana kallonta, hawaye na gangarowa, leɓensa na rawa, amma ya cije haƙora ya ƙi saki, har rai ya yi halinsa. Ba a ji ya kira sunan giya ba. Ba a kuma ji kalmar ba. Da aka tambayi liman daga baya, ya ce wanda ciwo ya ɗaure wa harshe, abin da ke zuciyarsa ake dubawa. Nimatu ta ji, amma ta san ba ciwo ne ya ɗaure shi ba.

An yi masa salla washegari bayan Juma'a a masallacinsu na Bronx, sahu har waje, aka binne shi a maƙabartar Musulmi a New Jersey. Ya rasu yana da shekara sittin da ɗaya. Ya bar matarsa Hajiya Nimatu, wadda ita ce ta ba da izini a rubuta wannan tarihi yadda yake ba tare da an rage komai ba, kuma har yau tana zuwa wankin ƙoda. Ya bar 'ya'ya uku: Tahiratu, nas a Bronx; Abdul-Hanan, direban bas; da Zailani, da ke karatu a Ohio. Allah ya dubi abin da ya riƙe a bakinsa ya kasa faɗa, ya karɓa masa.