Ranar da Na Koma Aji Biyu

Ban taɓa mantawa da ranar da na zauna a bencin 'yan aji biyu da furfurata ba. Lokacin ina ma'aikacin jin daɗin jama'a a Zinder, ina bibiyar yara masu lalura da iyayensu.

Cikinsu akwai Habu. Da uwarsa ke ɗauke da cikinsa, ta yi ta shan wani maganin kwalba na kasuwa, ba ta san da barasa a ciki ba. Yaron ya taso ba ya riƙe abin da aka faɗa masa, hayaniya kuma na rikita shi. Daraktan lakwal, wato makarantarsu, ya ce taurin kai ne, zai kore shi.

Uwar ta zo min tana kuka. "Malam Sani, in aka kore shi ina zan kai shi? Kuma don Allah kada a ji dalilin lalurar, ka san bakin mutane."

Na saka babbar riga na tafi, na zuba wa darakta Faransanci har na ji daɗin kaina. Da ya tambayi sunan ciwon, na ce lalura ce tun daga ciki, na ja bakina. Ya ce, "Tunda ka iya, shiga ka zauna da shi ka nuna mana."

Bencin Habu na can ƙurya, jikin tagar da ke kallon titi. Na cusa tumbina da ƙyar. Babura na wucewa, mai ƙosai na kira, yara na ta surutu. Mushe, wato malamin ajin, ya jero umarni a numfashi ɗaya, sannan ya nuna ni.

"Alhaji, me na ce a yi?"

Wallahi ban kama ko ɗaya ba. Na yunƙura zan miƙe, benci ya taso tare da ni. Aji ya ɓarke da dariya, har darakta da ke bakin ƙofa.

Habu bai yi dariya ba. Ya dafa hannuna ya ce, "Baba, kada ka yi kuka. Ni ma kullum haka suke min."

Dariyar darakta ta tsaya. Washegari aka maido Habu gaba, nesa da taga, mushe na ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya. Ba a kore shi ba.

Ku sababbin ma'aikata, kafin ku yi wa yaro bayani a ofis, ku je ku zauna inda yake zama. Ni Faransancina bai tsinana masa komai ba, kunyar da na sha ce ta yi aiki.