Inda Zuciyar Gero Take

A ƙauyenmu, gabas da Gangara, hirar yara ba ta wuce isha'i. Da an sallame magariba kakata Hajo, mahaifiyar babana, za ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, mu jikoki mu kewaye ta muna jiran tuwo ya nuna. Da karan gero take hura wuta, kuma ba ta tura kara a murhu sai ta ɗaga shi ta nuna wani wuri da farce.

"Rabi, wanga hwa, mi sunanai?"

"Gaɓa, Kaka."

"Mi aikinta?"

Sai ta ɗan buga mini karan a gwiwa. "In iska ta kwantar da gero, nan shika lanƙwasa shi tashi, awa gwiwakki."

Haka muka san saiwa ce mai sha, ganye ne mai cin rana. Ta kan ɓare kara ta nuna mana farar totuwa, inda gero ke ajiye ruwansa. Ta hana mu kaɗa zangarniya in tana bununi, wannan gari mai ruwan ɗorawa, domin in ya zube a banza ba za a ga tsaba ba. Mu dai tatsuniya muke jira. Sai ta gaji da tambaya take cewa, "To ku matso, ga wata ta taho." Mu ce, "Ta zauna mu gan ta."

Wadda ta fi maimaitawa ta wata mata ce mai 'ya'ya uku, wadda mijinta ya tafi neman abinci bai dawo ba. Gero ya yi tsawon taƙi sai fara ta sauka ta cinye gonaki ƙarƙaf. Gari duka aka ɗaure kaya za a yi kudu. Matar ta tafi gonarta ta zauna tana kuka, sai wata kurciya ta sauka gabanta. A nan Kaka kan siranta murya: "Ke mata, gawa wa kike ma kuka? Kin tsaga kin gani?" Matar ta sa farce ta tsaga guntun da fara ta bari. Can ƙasa, daidai tushe, ta ga wani abu fari, taushi, bai kai tsinin allura ba. Kurciya ta ce wannan ce zuciya. Muddin gero bai yi gaɓa ba tana nan ƙasa a ɓoye, riga kawai fara ta ci. Matar ta ƙi bin ayari. Ta tara wa kowane tushe ƙasa, ita da yaranta suna cin tafasa, har gero ya toho ya fid da 'ya'ya. Da lokacin kaka rumbunta ya cika, waɗanda suka gudu suka dawo roƙon iri.

Ni a lokacin kurciyar ce ke ba ni dariya.

Kaka ta rasu ina amarya. Bara da rani mutanen daji suka harbe mijina Sani a hanyar kasuwar Sabon Birni. Da ruwan fari na yi shuka tare da wansa, Yaya Bello, da irin da Sani ya bari. Ba mu yi sati biyu ba mutanen dajin suka tashe mu daga ƙauye. Muka shigo garin Isa da abin da ke jikinmu, wani bawan Allah ya ba mu ɗaki marar ƙofa, ni da yara huɗu. Wata rana da hantsi Yaya Bello ya zo ya tsaya bakin ɗakin bai ko zauna ba.

"Rabi, ki yi haƙuri. Sun koro shanun da sunka sato ta cikin gonakinmu. Ba abin da yar rage."

"Yaya, ka gani da idonka?"

"Wanda yag gani ya gaya mini. Ƙasa ta zan awa an share."

A ranar, ƙaramata Hauwa tana kwance, ba ta da ƙarfin kuka. Abin da ke ɗakin ɗan garin rogo ne da maƙwabciya ta sammana. Na ce, "Yaya, za ni in duba." Ya ce in na mutu wa zai riƙe masa marayu? Na ce in ban je ba ma mutuwar ce, sai dai a hankali. Sai ya tafi ya samo mai babur da ya yarda ya sauke mu nesa da ƙauyenmu.

Ban gane gonar ba. Sawun kofato ko'ina, kashin shanu, tushe da dama an tumɓuke da saiwa sun bushe a rana. Na fara da wajen da Sani ya zuba taki, inda gero ya fi kyau. Na tsaga ɗaya, ya riga ya yi gaɓa, zuciyar ta hau sama ta tafi cikin bakin saniya. Na tsaga na biyu, na uku, duk haka. Yaya Bello yana waige-waige yana cewa mu tafi. Na rarrafa zuwa gefen jigawa, inda shukar ta tsumbure, wadda kullum nake jin haushinta. Na tsaga, ga ta nan fara, da ɗanyen ruwa a jikinta.

"Yaya, zo ka gani. Wagga na da rai."

Ya durƙusa ya duba, ya rufe fuska da hannun riga.

Sau biyar muka koma a damina, kowane zuwa da kalmar shahada a baki. Gefen jigawar ya toho, ya yi ciki, ya fid da kai. Amma rumbuna bai cika ba. Rabin geron muka yanka aka jiyo ƙarar babura, muka gudu da abin da muka iya ɗauka. Shi ya kai mu ƙarshen sanyi. Hauwa ba ta ci ko loma daga cikinsa ba. Mun binne ta gero na bununi.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana cewa mai haƙuri zai samu ne. Yanzu ban yarda ta yi wannan alkawari ba. Abin da na ga ta yi mini shi ne, ranar da hankalina ya tashi har ban san sunan kaina ba, farcena ya san inda zai tsaga. Yara uku na raye saboda wannan, ɗaya kuma ba ta jira ba, kuma duka biyun nake kwana da su.

Jiya an yi ruwan shuka. Na ware zangarniya shida tun bara, na ɗaure su a rufin ɗaki inda yara ba sa kaiwa, ko da suka kwana da yunwa suna kallonsu. Yaya Bello ya ce har yanzu hanyar ba kyau, shi kam ba zai iya ba bana. Ban ga laifinsa ba. Na sussuke irin ɗazu, na ƙulle a bakin zane. Gobe za ni.