Shirun Malam Ranar Kare Kundi

Jiya na bi ta Gyadi-Gyadi a adaidaita, na ga an sake wa ƙofar gidan marigayi malamina fenti. Shi ya duba kundin digirina na uku. A falon nan, cikin ƙamshin shayin kanumfari, jan bironsa ya sha mayar da shafukana mayanka.

Dokar jami'a ta ce ranar kare kundi malamin ɗalibi zai zauna, amma ba zai tanka ba. Wasu malaman suna da wani tari na musamman da suke ceton ɗalibansu da shi. Shi kam ko gyaran murya ba ya yi.

Ranar kare nawa kundin, mai jarrabawa daga waje ya ce mini, "Malama, me ya sa kika cire majinyatan Tarauni da suka daina zuwa asibiti daga cikin bincikenki?"

Wa'adin karatuna ya ƙare; in na faɗi, shi ke nan. Na waiga wajen Malam, na tarar yana nazarin fanka kamar ita za a ba digirin. Can na tuna amsar tana cikin kundin, da hannuna na rubuta ta. Na faɗe ta.

Da muka fito na ce wa Malam, "Haba Baba, ko tari ai ka yi mini!"

Ya goge tabarau. "Da na yi tari, digirin nawa ne. Ni kuwa ina da nawa, Dakta."

Allah ya haskaka makwancinsa, ya daidaita harshensa a wurin tambayar da ba mai taya wani amsawa.